Sharhi: Wace irin manhajar labarai ce za ta zauna a wayar matashi?

A tsakiyar watan Maris na 2025, Sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda ke watsa shiri tun 1979, ya yi tsit bayan wani umarni da Shugaba Donald Trump ya sanya wa hannu ya sa an ce ma'aikatan gidan su zauna a gida. Wata uku kafin nan, a Disambar 2024, gwamnatin sojan Nijar ta dakatar da BBC na tsawon wata uku, alhali ta riga ta rufe RFI da France 24 a ƙasar tun Agustan 2023.

Dattawan da suka saba kafa kunne a rediyo da asuba sun ji abin a jikinsu. Matasa da yawa kuwa ba su ma lura ba, domin sun daɗe da komawa TikTok da Facebook da zaurukan WhatsApp, inda labari ke iske su ko da ba su neme shi ba.

Wannan ya dawo da wata tambaya da ke gaban kafafen yaɗa labarai na Hausa: idan tsofaffin hanyoyi na iya rufewa dare ɗaya, sababbin kuma mallakar wasu kamfanoni ne na ƙetare, ta ina ɗan jarida zai riƙa kai wa matashi labari kai-tsaye? Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce a gina manhaja. Sai dai gina manhaja abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da samun wanda zai buɗe ta gobe da jibi.

Me ya sa batun ya zama na gaggawa?

Kusan rabin al'ummar Najeriya ba su kai shekara 19 ba. A Nijar ma abin ya fi haka, domin rabin jama'ar ƙasar ba su wuce shekara 15 ko 16 ba. A zaɓen 2023, hukumar INEC ta yi wa mutum miliyan 93 da ɗoriya rajista, kuma kusan kashi 40 cikin 100 nasu 'yan shekara 18 zuwa 34 ne. Amma waɗanda suka fita kaɗa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin 100 ba.

Duk wanda ya ga yadda aka shirya zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020, da ta tsadar rayuwa a Agustan 2024, ya san cewa matasa suna bin abin da ke faruwa. Abin da ya sauya shi ne ƙofar da labarin ke shigowa.

Cibiyar Reuters da ke Jami'ar Oxford, wadda ke fitar da rahoto duk shekara kan yadda mutane ke samun labarai, ta gano a 2023 cewa kashi 22 cikin 100 kacal na waɗanda ta tambaya a ƙasashe daban-daban ne suka fi son fara neman labari daga shafi ko manhajar gidan jarida. A 2018 adadin kashi 32 ne. Sai dai a lura: mutanen da cibiyar ke tambaya a Najeriya masu jin Turanci ne da ke kan intanet. Matashin da ke sayar da gwanjo a Kofar Wambai, ko ɗalibar Islamiyya a Maraɗi, ba su cikin lissafin. Duk mai son gina musu manhaja dole ya je ya tambaye su da kansa.

Waɗanda suka gwada suka faɗi

Kafin a zuba kuɗi, ya kamata a leƙa tarihin manhajojin da aka gina musamman domin matasa a Amurka, inda ba a fama da ƙarancin data ko wutar lantarki.

Circa ta fito a 2012 tana yanka labari gutsi-gutsi domin a karanta a waya. An yaba mata sosai, amma ta rufe a 2015 saboda rashin kuɗi. A 2013 kamfanin Yahoo ya sayi Summly, manhajar da wani yaro ɗan Birtaniya mai shekara 17, Nick D'Aloisio, ya ƙirƙira domin taƙaita labarai. Daga ita aka samar da Yahoo News Digest a 2014, aka kuma rufe ta a 2017. Jaridar New York Times ta fitar da NYT Now a 2014 da nufin jawo matasa da farashi mai rahusa, daga baya ta mayar da ita kyauta, sannan ta rufe ta a 2016. Quartz ta zo da manhajar da ke ba da labari kamar ana hira da aboki a 2016, ta janye ta a 2019. Hatta mutum biyun da suka kafa Instagram, Kevin Systrom da Mike Krieger, sun fito da Artifact a farkon 2023, kuma cikin shekara guda suka sanar da cewa kasuwar ba ta kai girman da za a ci gaba da zuba jari ba.

Dukkansu an yaba wa tsarinsu da kyawun fuskarsu. Abin da ya kashe su iri biyu ne: ko dai mutane sun sauke amma ba su mayar da buɗewa al'ada ba, ko kuma masu buɗewar ba su kawo kuɗin da zai biya ma'aikata ba. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane tsoron Allah.

A gefe guda akwai Indiya, wadda yanayinta ya fi kama da namu. Inshorts, da aka kafa a 2013, tana ba da kowane labari cikin kalmomi 60. Dailyhunt kuma ta yi ƙarfi ne da harsunan gida irin su Hindi da Tamil, a lokacin da manyan jaridu ke ganin intanet ta masu Turanci ce. Darasin a nan shi ne harshen uwa da gajeren lokaci kasuwa ce ta gaske.

A fara da wayar da ke hannun matashin

Kuskuren da ake yawan yi shi ne mai gina manhaja ya gwada ta a babbar wayarsa, a ofis mai intanet mai ƙarfi, ya ce ta yi. Wayar da ta cika hannun matasa a Kano da Sakkwato da Damagaram ita ce Tecno da Infinix da itel, kuma da yawa an saye su ne na hannu. Ma'adanarsu ƙarama ce, kuma ta riga ta cika da hotuna da wa'azi da waƙoƙi da finafinai. Ranar da wayar ta ce babu sarari, mai ita ba zai goge WhatsApp ba, ba zai goge manhajar banki ba. Ta labarai ce za ta fara tafiya.

Saboda haka ƙanƙanta shi ne sharaɗi na farko. Kamfanin Facebook ya gane haka tun 2015 da ya fitar da Facebook Lite, kuma Opera Mini ta yi suna a Afirka ne saboda tana matse shafi kafin ta kawo shi waya.

Na biyu shi ne data. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira a 2023 sun riga sun rage abin da ke aljihu. Wanda ke sayen data ta kwana ɗaya yana lissafin kowane bidiyo. Manhajar da bidiyonta ke tashi da kansa, ko take loda tallace-tallace masu nauyi kafin labari ya bayyana, tana cin kuɗin mai karatu ba da izininsa ba, kuma zai gane. Abin da ya dace shi ne rubutu ya fara fitowa, hoto ya biyo baya, bidiyo kuma ya jira sai an taɓa shi, tare da rubuta yawan datar da zai ci.

Na uku shi ne wuta da sabis. Wanda ke biyan kuɗi a shagon caji ba ya son manhajar da ke shan batir a ɓoye. Kuma akwai wuraren da sabis ɗin kan ɗauke gaba ɗaya. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara, daga baya aka yi haka a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga. Manhajar da ta san inda take aiki za ta sauke labaran yini a lokacin da ta samu sabis, ta ajiye su domin a karanta ko a saurara ko da babu intanet.

Kunne kafin ido

BBC ta fara shirin Hausa a 1957, Deutsche Welle a 1963, kuma tun daga lokacin Bahaushe ya ɗauki rediyo a matsayin abokin zama. Wannan al'ada ba ta mutu ba, ta koma waya ne. Duba yadda ake aika saƙon murya a WhatsApp fiye da rubutu, ko yadda ake yaɗa guntayen shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyon Kano.

Akwai dalilai na zahiri. Wani yana jin Hausa sarai amma karatun boko na yi masa nauyi. Wani ajami ya fi sani. Wani kuma hannunsa na kan keken ɗinki ko sitiyarin adaidaita-sahu. Duk waɗannan za su saurari labarin minti uku, amma ba za su karanta shafi uku ba.

Don haka maɓallin saurare ya kamata ya zauna a saman kowane labari, ba a ɓoye shi a wani lungu ba. Kuma muryar mutum ta fi ta na'ura, domin Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, waɗanda ba a nuna su a rubutun yau da kullum. Kalmar da aka rubuta "gari" na iya nufin birni, tana iya nufin abin tuwo, "fari" na iya zama launi ko rashin ruwan sama. Na'urar da ba ta ƙware ba za ta karanta ɗaya a madadin ɗaya, mai saurare ya yi dariya ya rufe.

Bidiyo ma yana da gurbinsa, musamman gajere da ake kallo a tsaye. Jaridar Washington Post ta shiga TikTok tun 2019, ta kuma nuna cewa ana iya bayyana labari mai nauyi cikin minti ɗaya ba tare da an zubar da gaskiyarsa ba. Amma a sa rubutu a ƙasan bidiyon, domin da yawa suna kallo ne a aji ko a mota ba tare da sauti ba.

Hausar da za a rubuta

Akwai wata ƙaramar matsala da ke iya kashe manhaja ba tare da masu ita sun sani ba: haruffa masu lanƙwasa. Mafi yawan matasa ba sa rubuta ƙ da ɗ da ɓ a waya. Idan mutum ya rubuta "kasa" a wurin bincike yana neman labarin "ƙasa", manhajar ta ce ba ta samu komai ba, ba zai sake gwadawa ba. Dole wurin binciken ya gane duka biyun, yayin da rubutun labarin kansa yake bin ƙa'ida. A Nijar kuma ana rubuta ƴ a inda Najeriya ke rubuta 'y, sai a tabbatar da cewa salon harafin da aka zaɓa yana nuna dukkansu, ba ya mayar da su akwatuna.

Sai batun fassara. Matashi na gane labarin da aka ɗauko daga Turanci aka juya kalma bayan kalma, ko aka ba na'ura ta juya. Jimla takan yi tsawo, ma'ana ta ɓace. Tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939 ƙarƙashin editancin Abubakar Imam, abin da ya jawo masu karatu shi ne an yi musu magana da Hausar da suke ji. Yau da ƙirƙirarriyar basira ta sauƙaƙa fassara, jarabawar ita ce a cika manhaja da labarai ɗari marasa gishiri a maimakon ashirin da edita ya duba.

Kada kuma a manta cewa masu karatu ba Kanawa ne kaɗai ba. A Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Akwai Hausawan zango a Kumasi da Accra, akwai na Kamaru da Chadi da Sudan. Manhajar da ta bar mutum ya zaɓi garinsa za ta ba shi dalilin dawowa.

Labarin da ke da ƙarshe

Rahoton Cibiyar Reuters na 2024 ya nuna cewa kashi 39 cikin 100 na waɗanda aka tambaya suna kauce wa labarai a wasu lokuta ko sau da yawa, daga kashi 29 a 2017. Daga cikin dalilan da suke bayarwa akwai cewa labarai na ɓata musu rai, kuma sun yi yawa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda kullum ke tashi da labarin hari da garkuwa da mutane da tashin farashi. Ba za a ɓoye waɗannan labarai ba, domin su ne halin da ake ciki. Amma ana iya tsara yadda za su iso. Kafafen sada zumunta an gina su ne ta yadda mutum zai yi ta jan fuskar waya babu iyaka. Gidan jarida ba zai iya gasa da su a wannan fage ba, kuma bai kamata ya gwada ba. Abin da zai iya bayarwa shi ne labarai biyar ko bakwai da safe, wasu da yamma, sannan manhajar ta shaida wa mutum cewa ya kammala na yau. Rediyo ta daɗe tana yin haka da rabin sa'arta.

Haka abin yake ga saƙon ankararwa da ke faɗowa kan fuskar waya. Idan aka kira kowane labari "da ɗumi-ɗumi", kalmar za ta rasa daraja, mutum ya kashe saƙon gaba ɗaya. Biyu ko uku a yini sun isa, kuma a bar shi ya zaɓi fannin da yake so da lokacin da ba ya son a dame shi.

Game da abin da za a ba shi, siyasar manya kaɗai ba za ta riƙe shi ba. Yana son sanin ranar rufe rajistar JAMB, yadda ake neman bashin karatu na NELFUND, lokacin kiran masu yi wa ƙasa hidima, guraben aikin da ba na damfara ba, farashin masara a Dawanau, sakamakon wasan Kano Pillars da na Firimiyar Ingila, da abin da ke faruwa a Kannywood. Idan ana maganar dokar haraji ko kasafin kuɗi, yana son sakin layi guda da zai gaya masa yadda abin zai taɓa aljihunsa. Wanda ya shigo labari a tsakiya kuma yana buƙatar taƙaitaccen bayanin yadda aka faro.

Amana

A Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, wani saƙo ya karaɗe wayoyi cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane sun kwanta asibiti, an kuma ba da rahoton mutuwar wasu. A 2018 wani binciken BBC ya nuna yadda hotunan da aka ɗauko daga wasu wurare aka yaɗa a Facebook suka ƙara rura rikici a jihar Filato. Yanzu da ake iya ƙirƙirar murya da fuskar mutum da kwamfuta, haɗarin ya ƙaru, ga kuma zaɓen 2027.

A nan ne manhajar gidan jarida ke da abin da TikTok ba shi da shi, in har an gina ta da niyyar hakan. Kowane labari ya ɗauki sunan marubuci da rana da lokaci. A bambanta labari da ra'ayi da talla a fili, musamman tallar 'yan siyasa. Idan an yi gyara, a faɗa. Tunda an san cewa mutane za su tura labarin zuwa WhatsApp, a tanadi ɗan katin turawa mai ɗauke da sunan jarida da kwanan wata, domin kada a dawo da labarin bara a ce na yau ne. Ana kuma iya ware wurin da mai karatu zai turo jita-jitar da ya gani a tantance masa, irin aikin da Dubawa da Africa Check ke yi.

Amana ta haɗa da bayanan mai karatu. Manhajar labarai ba ta da hujjar neman izinin shiga lambobin waya ko hotunan mutum, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa kamfanoni alhaki a kan haka. Tilasta wa mutum buɗe asusu kafin ya ga labari ko ɗaya hanya ce ta korar sa tun daga bakin ƙofa.

Wa zai biya?

Wannan ita ce tambayar da ta kayar da Circa, ta kuma rufe BuzzFeed News a 2023 duk da lambar yabo ta Pulitzer da ta ci a 2021. Kuɗin talla a intanet yawanci Google da Meta ke kwashewa, kuma abin da ke saura ga ƙananan kafafe sau da yawa tallar caca ce da ta manhajojin bashi. Jaridar da ke son iyaye su yarda 'ya'yansu su sauke manhajarta sai ta yi tunani kafin ta karɓi irin wannan kuɗi.

Biyan kuɗin wata-wata da katin banki ba zai yi tasiri a wurin ɗalibi ba. Abin da ya fi kusa da aljihunsa shi ne ɗan ƙaramin kuɗi ta katin waya ko ta OPay da Moniepoint da PalmPay, a kan wani abu na musamman, yayin da labaran yau da kullum ke zama kyauta. Akwai kuma darasi daga New York Times, wadda ta sayi wasan kalmomi na Wordle a 2022 domin mutane su riƙa leƙowa kullum. Hausa na da kacici-kacici da karin magana da za su iya yin wannan aiki.

Shin dole ne sai da manhaja?

Akwai masu cewa ɓata kuɗi ne, a bi matasa inda suke kawai. Suna da hujja. Jaridar The Continent, da aka fara a 2020, an tsara ta ne domin a karanta a kuma tura ta WhatsApp, ba ta da wata manhaja tata. Tashoshin WhatsApp da aka buɗe wa duniya a Satumbar 2023 sun ba kafafe hanyar isa ga dimbin mutane ba tare da kashe ko sisi ba. Ga ƙaramar jarida, shafin intanet mara nauyi da tashar WhatsApp sun fi manhajar da ba za a iya kula da ita ba.

Amma kayan aro ba ya rufe katara. Gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Meta ta toshe labarai a Facebook da Instagram a Kanada tun Agustan 2023 saboda saɓani kan wata doka, kuma a 2025 ta yi gargaɗi a takardun kotu cewa za ta iya rufe manhajojin biyu a Najeriya saboda tarar da hukumomi suka ci ta. Kafar da duk masu karatunta ke hannun wani kamfani, ranar da aka sauya tsari za ta wayi gari babu kowa.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a haɗa biyun: a sadu da matashi a TikTok da WhatsApp, a ba shi dalilin zuwa gida. Kafin a rubuta layin farko na manhajar, a zauna da ɗalibai da 'yan kasuwa da masu sana'a, maza da mata, a ba su samfuri a kan wayoyinsu da datarsu, a ga inda suke tsayawa. Bayan an fitar da ita kuma, kada a yi murna da yawan waɗanda suka sauke. Adadin da ya kamata edita ya riƙa dubawa shi ne mutum nawa ne suka sake buɗe ta bayan wata guda.